Jan Bulon da Muka Ƙona wa Makarantar Hillarmu

Bulon farko da na buga da hannuna, Usta Bello bai ko sunkuya ya duba shi ba. Ƙafa ya sa ya take shi, ya ce in kwashe in mayar cikin kwaɓi. Na biyu ma haka. Har rana ta take tsaka ina bugawa yana takewa, bai ce mini ga inda na kuskure ba. Sai da muka zauna cin abinci ya ce, "Haruna, kana jefa laka awa mai jin haushinta. Mi ta yi maka?"

Ku yanzu kuna zuba siminti da yashi a inji, ku danna ƙarfe, bulo ya fito, sai ku ce ai jan bulo ma haka yake, ƙasa ce da wuta kawai. To ku gyara zama. Zan gaya muku yadda sana'ar take, kuma zan ba ku labarin kamina guda, wato tudun bulon da ake jerawa a ƙona, da ta fi kowace zama a raina, wadda muka ƙona wa makarantar hillarmu.

Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana bakin babban kogin da muke kira Bahar, ba nisa da Abu Na'ama. Iyayenmu daga yamma suka taso da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noma kafin su ci gaba, har tsayuwar ta koma zama. Ni a nan aka haife ni. Ubana ya kai ni wurin Usta Bello a shekarun da Turawa suke haɗa kayansu za su bar Sudan, ina saurayi gemu bai fito ba. Usta gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum ja saboda hayaƙi. Ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa jin ya yabi mutum a gabansa ba.

Aikin yana farawa ne in Bahar ya janye bayan damina. Ruwan yakan bar laka a gaɓa, mai laushi da sheƙi, wadda ya ɗauko daga duwatsun Habasha. Ba kowace ake ɗiba ba. Wadda yashi ya yi wa yawa, bulonta marmashewa yake yi. Wadda ta cika danƙo, tsagewa take yi a rana tun kafin ta ga wuta. Usta yakan ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu, wani lokaci har ya ɗora a harshe, sannan ya nuna da haɓa ya ce, "Nan." Sai mu sa fartanya. A haƙa rami, a zuba lakar, a kawo zibala, wato busasshen kashin shanu da na jakuna da aka daka, a kwarara ruwa da garwa, a bar shi ya tsima. Warinsa kaɗai ya kori samari da yawa daga sana'ar nan. Bayan haka a shiga da ƙafa a yi ta takawa, har cinya, sai kwaɓin ya daina riƙe ƙafa ya fara sakinta da kansa.

Galib shi ne dukiyar mai bulo. Ɗan akwatin katako ne mai baki biyu. Ana tsoma shi a ruwa, a jefa laka ta cika kusurwoyi, a shafe sama da tafin hannu, a ruga fili a kife, a ɗago a hankali. A wurin ɗagowar nan ake gane wanda ya iya. In hannunka ya yi rawa, bulon ya karkace, kuma wuta ba ta miƙe abin da ya karkace. Galib ɗin Usta na itacen bagaruwa ne, bakinsa ya sha hannu har ya yi santsi kamar ƙwarya. Na daɗe ina ɗaukar ruwa da taka laka kafin ya bar ni in taɓa shi.

Bulo ya sha rana, a juya shi a kan haƙarƙarinsa ya ƙara sha, sannan a jera kamina. Kamina ba gini ba ne da ake zuba bulo a ciki, bulon ne da kansa ake jerawa ya zama tudu, a bar ramuka a ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan. Su muke kira idanu, ta nan ake cusa itace. A yaɓe bayan tudun da laka, a kunna. Hayaƙin farko fari ne, ruwan da ya rage a bulo ne ke fita, kuma a lokacin ba a matsa wa wuta. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ji bulo yana fashewa a ciki kamar ana gasa masara. Sai hayaƙin ya canza launi ake ƙara itace, a yi ta yi ba tsayawa, ana karɓar juna, har in ka jefa busasshiyar ciyawa a saman kamina ta kama da kanta. Sannan a toshe idanun, a tafi gida, a bar ta ta huce. Ranar buɗewa na waje yakan fito fari-fari bai gama nuna ba, na bakin wuta baƙi ya narke ya manne da ɗan'uwansa, na tsakiya kuwa ja ne jawur, in ka haɗa biyu su yi ƙara kamar ƙarfe.

Masu sayenmu 'yan kasuwa ne masu gina kanti, da masu injin ban ruwa da ke son ɗakin da za su ajiye injin, da masu gina masallaci. Akwai wani mai shagon yadi da yakan zo da kansa ya zauna a kan kujera yana zaɓen bulo ɗaya-ɗaya, ya mayar da rabi, washegari ya aiko a kawo masa wanda ya mayar ɗin. Mutanen hillarmu ba sa saye. Mu da muke ƙona jan bulo, a bukkar kara da ɗakin laka muke kwana. Har na yi aure na haifi ɗana Sani, ban taɓa ganin bulona a bangon kowa a hillarmu ba.

Maganar makaranta daga bakin Inna Hajara ta fara. Bazawara ce, tana suyar ƙosai a inda lori yake tsayawa. Yaranmu duk suna karatun allo, amma makarantar gwamnati tana wani ƙauye mai nisa, kuma da damina akwai kwari a tsakani da ba ya ƙetaruwa. Ta ɗauki ɗanta ta kai, aka ce aji ya cika. Shekara ta zagayo ta sake kai shi, aka ce ta kawo takardar jinsiya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ta ubansa, alhali uban ya mutu bai taɓa riƙe ta ba. Kafin ta gama yawon neman takarda, aka ce yaron ya wuce shekarun ɗauka.

Wata Juma'a bayan an sauko ta tsaya a hanyar masallaci, daga nesa kaɗan, ta aika aka kira mata Malam Isa tela. Shi ne ya fi kowa Larabcin ofis a cikinmu. Muna tsaye muna ji ta ce, "Malam, nawa ya wuce. Ba don shi nike magana ba. Amma ku maza kuna biyan haraji, kuna cirar auduga tana tahiya jirgi. Ku tahi ku tambaya mana, mi ya sa diyanmu ba su da aji?"

Wani dattijo ya ce, "In yara sunka shiga madrasa, wa za ya cire auduga?"

Ta ce, "Wanda ya cire ta bara, Baba. Ni da kai."

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Kafin wata ya ƙare an kafa lajna, wato kwamiti, Malam Isa da shehun hilla da Usta Bello, aka ce su je majalis, inda ake raba makarantu da malamai. Ni nakan bi su in riƙe wa Usta jaka. Tafiyar yini ce a bayan lori, a kan buhuna. Mu isa, mu zauna a baranda, a ce zabit ɗin ilimi, wato jami'in da ke riƙe da makarantu, ya fita, ko yana taro, ko mu dawo bukra, wato gobe. In mun samu shiga, ya saurari Malam Isa da kyau, ya ce mizaniya babu, wato kason da gwamnati ta ware na bana ya ƙare. Ba mugun mutum ba ne. Ya taɓa buɗe mana taswira ya nuna ƙauyukan da ke gabanmu a layi, ya ce kowannensu jira yake. Sunan hillarmu ma babu a taswirar. Malam Isa ya ɗora yatsa a inda ya kamata ta kasance, ya ce, "Muna nan, ya sayyid. Ko ba a rubuta ba muna nan."

Mun yi ta wannan zirga-zirga har damina ta zo ta wuce ta sake zuwa. Daga ƙarshe zabit ɗin ya ce akwai sabuwar hanya da gwamnati ta buɗe, ta taimakon kai da kai. In mutanen gari suka gina aji biyu da ɗakin malami, majalis zai kawo kwanon rufi da benci da malami. Amma da sharaɗi, ba ginin laka ba, sai jan bulo.

Da muka fito Malam Isa ya dubi Usta. Usta ya dubi ƙasa, ya ce, "To. Wanga kam namu ne."

A ranin nan Usta ya sallami duk masu sayenmu, ya ce bana kaminarsa ta hilla ce. Aka yi gayya, maza da mata da yara. Ban taɓa ganin Usta ya sha wahala irin ta kwanakin ba. Kowa ya zo da irin tunaninku, cewa ƙasa ce da ruwa. Wannan ya zuba zibala ta yi yawa, wancan ya kife galib a kan tsakuwa, awaki su bi ta kan ɗanyen bulo, yara su dangwala yatsa suna zanen sunansu. Wani babban mutum mai mata da 'ya'ya ya buga layi guda, Usta ya bi ya take shi duka. Mutumin ya cire hula zai yi faɗa, Inna Hajara ta miƙa masa ƙosai ta ce, "Ci, ka sake. Ni ma ya take nawa." A hankali hannuwa suka faɗa. Fili ya cika da bulo layi-layi har bakin gonaki, da yamma mutane su fito su tsaya suna kallo kawai.

Sai dai mun fara a makare, don sai da aka gama cirar auduga mutane suka samu hannu. Usta ya sani. Kullum yana duban gabas.

Ran nan da la'asar, muna shirin fara jera kamina, iska ta tsaya cik. Can sai ga guguwa ta taso ja, ta rufe rana, kuma bayanta hadari. Ba lokacin ruwa ba ne, da sauran lokaci. Muka ruga da tabarmi da zana da buhuna, mata suka cire mayafansu suna rufawa. Me tabarma za ta rufe a fili irin wannan? Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye ina kallon kusurwoyin bulo suna zagwanyewa, layi yana shiga layi, har filin ya koma abin da muka ɗebo daga gaɓa. Can aka ɗauke ruwan. Usta ya zaga filin sau ɗaya da galib ɗinsa a hammata, jikinsa sharkaf, ya tafi gida.

Shekarar ba ta tsaya nan ba. Bahar ya cika fiye da yadda tsofaffi suka saba gani, ya hau gaɓa ya kwashe itacen bagaruwar da muka tara. Masu sayenmu sun riga sun koma wasu kaminoni. Usta ya kwanta da ciwon ƙirji, tari ba dare ba rana. Wasu suka fara cewa dama abin ba alheri ba ne, ga ishara nan an gani. Ni kuwa hatsi ya ƙare a gidana, na bar matata da Sani na tafi Wad Haddad ƙodago a gonakin dawa. Ina yankan dawar wani, hannuna yana neman galib. Wanda bai yi sana'a ta shiga jikinsa ba, ba zai gane wannan ba.

Da na dawo na tarar Usta ya rame, ba ya iya tsayuwa mai tsawo. Na durƙusa na gaishe shi, ya jawo galib daga ƙarƙashin gado ya ajiye a gabana.

Na ce, "Usta, mutane sun gaji. Ba za su sake fitowa ba."

Ya ce, "Kai ka fita. Ka fara taka laka kai kaɗai inda za a gan ka."

Haka na yi. Bahar yana janyewa na haƙa rami, ban jira auduga ba. Kwana na farko ni kaɗai ne. Na biyu Inna Hajara ta zo da garwa a ka, ta juye ta koma. Malam Isa ya rufe keken ɗinkinsa ya naɗe wando. Daga nan aka riƙa zuwa, ba kamar na farko ba, babu kiɗa babu waƙa, amma waɗanda suka zo sun riga sun iya. Aka ɗauko Usta a kan gadonsa aka ajiye a ƙarƙashin rumfa a bakin fili, daga nan yake nuni da sanda.

Itace ne ya zame mana matsala. Dajin bagaruwa na gwamnati ne, sai da izini, kuma iznin da muka samu a bara ruwa ya tafi da abin da ya ba mu. Sai aka ce kowane gida ya kawo abin da yake da shi. Aka kawo tsofaffin turame, da ginshiƙin rumfa, da karyayyen gado, da kututturen da aka daɗe ana zama a kai. Mata suka tara karan auduga da busasshen kashin shanu tuli-tuli. Karan auduga wutarsa ta banza ce, ta tashi fuu ta mutu, ba ta shiga cikin bulo. Usta ya ce mu riƙa haɗa shi da kashin shanu, mu ajiye manyan itatuwa sai hayaƙi ya juya. Ban taɓa ƙona kamina da irin wannan tarkace ba, kuma ban taɓa jin tsoron wata kamar ita ba. Da na jefa ciyawa a sama ta kama, sai na zauna a ƙasa.

Ranar buɗewa hilla duka ta zo. Na fasa yaɓen, na zaro daga tsakiya, ja ne. Na kai wa Usta a gado. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce, "Za ya yi." A tsawon zamana da shi, wannan ce maganar da ta fi kusa da yabo.

Muka sa baƙin a harsashi, jan a bango, fari-farin a ɗakin malami ta ciki inda ruwa ba ya duka. Aji biyu suka tashi a kan tudun da ke gabas da masallaci, da tagogi manya ta inda iska ke zuwa. Lajna ta koma majalis da albishir. Suka tarar an canza zabit ɗin, an kai shi wata jiha. Sabon ya ce shi bai san da wannan alkawari ba, kuma mizaniya babu.

Kwano bai zo ba, sai muka yi rufi irin namu, da azara da zana da ƙasa. Benci bai zo ba. Malami bai zo ba. Ɗakunan suka zauna haka nan, damina ta wuce su, wata ta sake wuce su. Tsuntsaye suka yi sheƙa a azara. Wani ɗan kasuwa ya zo ya ce a ba shi ya ajiye buhunan dawa, zai riƙa ba hilla wani abu. Wasu sun so, don lokacin da wuya. Inna Hajara ta ɗauko kaskonta ta dasa a ƙofar ajin, ta ce, "Ran da buhu ya shiga, yaro ba ya shiga kuma." Ita da wasu mata suke share ɗakunan duk Juma'a, su yayyafa ruwa, su ja ƙofa.

A cikin wannan jira Usta Bello ya rasu. Kwana kaɗan kafin nan na je gaishe shi, ya tambaye ni ko rufin yana yoyo, na ce a'a. Ya ce, "Malamin fa?" Na ce ana kan magana. Ya ce, "In ya zo, ka ce mishi kada ya bari yara su riƙa goga allo a kusurwar bango. Kusurwa ita ka fara ci." Bai ƙara maganar ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, Malam Isa ya tara mutane ya ce shi ya gaji da kai takarda. Takarda ana sa ta a aljihun tebur. Wannan karon yaran za a kai. Muka yi magana da wani direban lori ɗan hillarmu, muka ɗebi duk yaron da ya isa shiga aji, aka yi musu wanka, aka sa musu rigunan salla. Sani yana ciki. Muka kwana a hanya, muka isa majalis da hantsi, muka zaunar da su a tsakar gidan, layi-layi a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Malam Isa ya gargaɗe mu, ba ihu, ba zagi, ba wanda zai taɓa ƙofar kowa.

Mai gadi ya ce mu tashi, muka gaishe shi muka ci gaba da zama. Rana ta yi sama, yara suka fara jin yunwa. Inna Hajara ta riga ta zo da ƙullunta da kaskonta. Ta haɗa duwatsu uku a bakin ƙofar majalis ta hura wuta. Ƙamshin ƙosai ya shiga ofisoshi, ma'aikata suka fara leƙowa ta taga, mutanen kasuwa suka taru suna tambaya ko lafiya. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce da Larabcinta na kasuwa, "Yaranmu ne. Suna da aji, ba su da ustaz."

Wajen azahar zabit ɗin ya fito, ransa a ɓace. Ya ce da Malam Isa, "Ya hajj, wannan mene ne? Nan ofishin gwamnati ne."

Malam Isa ya miƙe ya ce, "Mun sani, ya sayyid, shi ya sa muka zo nan. An ce mu gina, mun gina. Ruwa ya cinye, mun sake. Wanda ya ƙona bulon ya mutu yana tambayar malami. Ɗakuna suna can, yara ga su. Ba mu roƙi kwano ba, ba mu roƙi benci ba, za su zauna a tabarma. Mutum ɗaya muke nema da alli a hannunsa."

Zabit ɗin ya dubi yaran. Su ma suna dubansa, kowa da ƙosai a hannu, ba mai motsi. Sannan ya ce shi ba ya alkawarin abin da bai gani ba, zai zo ya duba da idonsa. Ya kuwa zo, a makon da ya biyo, cikin motar majalis. Ya shiga ajin farko, ya shiga na biyu, ya ga an share, ya tsaya a taga yana kallon Bahar. Ya tambayi sunan hillar, ya rubuta. Ya shiga mota ya tafi.

Sai da aka buɗe makarantu na shekara mai zuwa, ran kasuwa, lori ya tsaya ya sauke wani saurayi siriri ɗan arewa, da akwatin ƙarfe da gado ɗaure da igiya da baƙin allo a naɗe cikin bargo. Ya tambayi mai ƙosai ina madrasa. Inna Hajara ta bar mai a wuta ta yi masa jagora da kanta. Ustaz Abdurrahim ke nan. Mutumin kirki ne, ya zauna da mu shekaru, ya ci tuwonmu, ya yi jana'izar mutanenmu.

Ranar da aka fara karatu ni ina bakin ajin, ina gina wurin ajiye randunan ruwa da ragowar bulo. Iyaye sun cika tudun. Inna Hajara tana can baya, ba ta da wanda za ta miƙa, ɗanta ya riga ya zama ɗan kamasho a tashar lori. Ustaz yana sa kowane yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunne, wanda ya kamo ya shiga. Sani ya kamo da kyar.

Da suka cika ɗakin, kafin ustaz ya shigo, sai hayaniya ta tashi. Faɗa suke yi a kan wanda zai zauna kusa da taga. "Ni na riga ka!" "Ƙarya kake, matsa!" "Wallahi sai na gaya wa innata!" Muryoyinsu suna dukan bangon suna dawowa, duk da Hausa, irin ta gidajenmu. Na ajiye cokalin gini na tsaya ina ji. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar rigimar nan ba.

Ustaz ya shigo, ya buga allo, aka yi tsit. Ya yi musu sallama, ya faɗi sunansa. Sannan cikin murya mai taushi ya ce daga yau, in an shigo nan, Larabci kaɗai ake yi, maganar gida a bar ta a gida, don haka ne za su ci jarrabawa su wuce gaba. Gaskiya ya faɗa, kuma don su wuce gaba ɗin muka ƙona bulon. Na ɗauki cokalina na ci gaba da aiki.

Da azahar Sani ya dawo da gudu, na ce, "Me kuka koya?" Ya tsaya ƙyam kamar soja, ya faɗi wata jimla da Larabcin littafi, irin wanda ban saba ji a kasuwa ba. Kakarsa, uwata, tana zaune tana tsince wake, ta ce, "Mi ya ce?" Ya fashe da dariya ya faɗa mata da Hausa, ta rungume shi tana sa masa albarka.

A ranar shi ya fassara mata. Da ya girma ya yi karatu ya haifi nasa, in 'ya'yan sun zo gaishe ta, ba sa jin Hausa, ni nake zama a tsakani ina gaya musu abin da take cewa.